Wasan harhaɗa haruffa: wa ke yanke hukuncin wace kalma ce Hausa?

Kamar kullum, ga shirin a rubuce saboda waɗanda datarsu ba ta kai ta sauraro ba, da waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Kafin mu shiga tarihi, ga ɗan aiki. Ɗauki biro da takarda, ko ka share ƙasa a gabanka, ka rubuta haruffan nan guda shida: A, I, F, K, Ƙ, R. Ka fitar min da kalmomin Hausa daga cikinsu iya yadda za ka iya. Sharaɗi uku ne: kalma ta kai harafi huɗu, an yarda ka maimaita harafi, ba a yarda da sunan mutum ko na wuri ba. A ƙarshen shiri zan kawo waɗanda muka samu, sai ka gwada da naka.

Ga yadda aka yi wannan ya zama batun shiri. Tun ina bautar ƙasa na saba da irin wasan nan na waya da ake ba ka haruffa kullum da safe ka haɗa kalmomin Turanci. Da na dawo gida Birniwa ban daina ba. Wata rana da yamma muna zaune a rumfar mai cajin waya, ina ta dannawa, sai wani kawuna mai sayen riɗi ya leƙo ya ce, "Kai ɗan nan, me kake ta tsinta a cikin wayar nan kamar kaza?" Na yi masa bayani. Ya ce, "To ku da ba ku da bakin uwa? A yi da Hausa mana mu gani." Muka zana haruffan nan shida a ƙasa. Kawu bai yi boko ba, allo ya yi, amma da aka karanta masa haruffan sau biyu sai ya shiga jero kalmomi da ka, mu masu digiri muna ta cizon biro. Wallahi ya ba mu rata.

Daga nan sai gardama ta tashi. Wani abokina da ya saba rubutu a waya ba lanƙwasa ya ce kafa da ƙafa ai kalma ɗaya ce a rubuce. Kawu ya ce to ya kafa ƙafarsa a wuta ya ji ko ɗaya ne. Can kuma wani da ya yi karatu a Sakkwato ya kawo fira, sauran suka ce ba ta shiga, hira ake cewa. Aka rasa alƙali. Har aka kira magariba ba mu daidaita ba. Wannan gardamar ce ta sa na koma bincike: wa ya zaɓa mana haruffan da muke rubutu da su, kuma wa ke da ikon cewa wannan kalma ta shiga, waccan ba ta shiga ba?

Bari mu fara da wasan na waya, tun da shi aka fi sani. Wasan cike gurbin kalmomi a akwatuna ya fara fitowa a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba 1913, wani ma'aikacin jaridar mai suna Arthur Wynne ne ya tsara shi. A shekarun 1930, lokacin da tattalin arzikin Amurka ya karye, wani mai zanen gine-gine da ya rasa aiki, Alfred Butts, ya zauna yana ƙirga haruffa a shafukan jarida don ya gano wanne ya fi yawan fitowa a Turanci. Da wannan ƙirgar ya raba maki: harafin E da ke ko'ina ya ba shi maki 1, Q da Z da ba a cika gani ba ya ba su maki 10. Wasan ne ya zama Scrabble a 1948. Na kwanan nan kuwa, Wordle, wani injiniyan kwamfuta Josh Wardle ne ya sake shi ga jama'a a Oktoban 2021, jaridar New York Times ta saye shi a Janairun 2022. Ita dai wannan jarida tana da wani mai suna Spelling Bee, haruffa bakwai a jere kamar saƙar zuma, tilas kowace kalma ta ƙunshi harafin tsakiya.

Abin da nake so ku lura da shi shi ne, a bayan kowane ɗayan wasannin nan akwai jerin kalmomi da wani mutum ya zauna ya tantance. Kalmomin Turanci masu harafi biyar da Wordle ya sani sun haura 12,000, amma abokiyar zaman Wardle ce ta bi su ta ware kusan 2,300 da take ganin kowa ya sani, su ne suka zama amsoshi. A Spelling Bee akwai edita, Sam Ezersky, kuma masu wasan ba su daina yi masa ƙorafin ya ƙi karɓar kalmar da suka san tana nan ba. A 2015 wani ɗan New Zealand, Nigel Richards, ya lashe gasar Scrabble ta duniya ta harshen Faransanci alhali ba ya jin Faransanci, haddace jerin kalmomin kawai ya yi. A shekarar dai, cikin Nuwamba, ɗan Nijeriya Wellington Jighere ya ci gasar duniya ta Turanci a birnin Perth na Ostareliya, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci, har Shugaba Buhari ya kira shi a waya ya taya shi murna. Kun ga ke nan ƙwaƙwalwar wasan muna da ita a ƙasar nan. Jerin kalmomin ne na wasu.

To amma juya haruffa a nemo kalma ya girmi Amurka nesa ba kusa ba. A ƙarni na 8 akwai wani malami a Basra ta ƙasar Iraƙi, Khalilu ɗan Ahmad al-Farahidi, malamin Sibawaihi. Ɗaliban nahawu sun san shi, masu rubutacciyar waƙa ma sun san shi, domin shi ya tsara ilimin aruli, ma'aunin da malamanmu suka riƙa ɗora waƙoƙinsu na ajami a kai. Da ya tashi haɗa ƙamusun Larabci, Kitabul Aini, sai ya fuskanci tambaya: ta yaya zan tabbatar ban tsallake kalma ko ɗaya ba? Dabarar da ya yi ita ce ainihin wasan da muke yi a waya. Ya ɗauki baƙaƙen tushen kalma ya jujjuya su ta kowace fuska. Baƙi biyu suna ba da fuska 2, uku suna ba da 6, huɗu 24, biyar 120. Sai ya bi kowace fuska ya duba: wannan Larabawa suna faɗinta, ya rubuta ma'anarta, wannan ba a faɗinta, ya yi mata alamar an yi watsi da ita.

Ga misali da kunnenku ya sani. Ɗauki baƙaƙe uku na Larabci: ba, ra, kaf. In ka jera su b-r-k, daga nan muka samo albarka. In ka juya su k-b-r, tushen girma ke nan, daga nan muka samo kabbara. In ka mayar da su r-k-b, hawan abin hawa ke nan. Duk wanda ya taɓa zama yana juya R, A, F, I ya ga rafi ya koma fari, aikin Khalilu yake yi ko bai sani ba.

Mu dawo gida. Abin da ya sa kawu ya kayar da mu ba tsafi ba ne, tarbiyyar allo ce. Yaro a tsangaya yana farawa da babbaƙu, wato baƙaƙe zalla, kowane da sunansa na Hausa gwargwadon siffarsa da inda ya faɗo a kalma: ba guje, mim ara, lam jaye, ha kuri, nun guda, ɗa mai hannu. Sai ya ƙware a nan kafin a kai shi farfaru, inda ake ɗora wa baƙi wasali ya yi magana. Wanda ya yi shekaru yana warware kalma baƙi-baƙi yana sake ɗaure ta, in ka ba shi haruffa shida ai ka ba shi abin wasa. A dandali kuma 'yan mata suna da zaurance, inda ake juya gaɓoɓin kalma ko a cusa wata gaɓa a tsakani don kada na gefe ya gane, kifi ya koma fiki. Ga kuma karya harshe irin na kwaɗo da ƙato, wanda gaba ɗayansa jarrabawa ce ta ko bakinka na raba k da ƙ.

Mu mutanen gabas muna da wani abin tinƙaho a nan. Masanin harsuna Joseph Greenberg ya yi rubutu a 1960 yana nuna cewa kalmomin karatu da rubutu kansu ta hanyar Barebari suka shigo Hausa, haka ma kasuwa, da sarautu irin su Galadima da Ciroma. Ƙasar Haɗeja kuwa a kan hanyar Barno take, kuma a Birniwa har gobe Bahaushe da Bamange da Bafulatani kasuwa ɗaya suke ci. Saboda haka in wani ya ce maka wata kalma ba Hausa ba ce don ta yi kama da Barbarci, ka tambaye shi ko zai mayar musu da karatu da rubutu.

Malaman ajami su ne suka fara warware babban wasan haruffa na Hausa. An ba su baƙaƙen Larabci 28, ga kuma harshe mai sautukan da Larabci bai san da su ba. Sai suka yi dabara: baƙin da Larabawa ke kira ƙaf suka ba shi aikin ƙ, ɗa mai hannu ya ɗauki ɗ, suka ɗora masa ɗigo uku ya zama ts, gain ya zama g, sa mai ɗigo uku ya zama c, wasalin e kuma suka yi masa ɗigo a ƙarƙashin baƙi. Da wannan rubutun Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙinta na Hausa don karantar da mata. Sai dai ba a taɓa zama an daidaita shi ƙasa baki ɗaya ba, kowane zaure da yadda ya gada, kuma sau da yawa b da ɓ baƙi ɗaya suke rabawa, mai karatu ne zai gane daga jimla.

Sai Turawa suka zo. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris. Haɗeja ba ta miƙa wuya ba sai a Afrilun 1906, bayan yaƙin da Sarki Muhammadu ya rasa ransa a ciki, abin da ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. Sabuwar gwamnati ta zaɓi a riƙa rubuta Hausa da haruffan Rumawa a ofis da makaranta. Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano a 1909, gidansa na nan har yanzu, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa na boko. Nan ma aka sake cin karo da tsohuwar matsala: haruffan Turanci ba su da ɓ, ba su da ɗ, ba su da ƙ. Shekaru aka yi ana lallaɓawa, wani ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wani ya sa waƙafi a gefensa, wani ya bar shi haka nan.

Lanƙwasar da muke gani yau ta zauna ne a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya, bisa tsarin haruffan harsunan Afirka da masanin nan Bajamushe Diedrich Westermann da abokan aikinsa suka fitar. Hukumar ce ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Imam na editanta. Ku tuna jirgin ƙasa ya isa Nguru tun 1930, kuma layin ta Malam Madori da Birniwa ya bi. Layin da ya kwashi gyaɗarmu ya yi yamma da ita, shi ya buɗe wa takardun boko hanya zuwa wannan yanki.

Jerin kalmomi kuma fa? Kafin nan an yi ƙamusun Schön a 1876 da na Robinson a wajajen 1899, amma gagarabadau shi ne na George Percy Bargery da ya fito a 1934, mai kalmomi kusan 39,000. Shekaru fiye da goma ya yi yana aikin, yana zagaya ƙasar Hausa yana zama da malamai da masu sana'a. Abin da ya burge ni da ƙamusun nan, bai zubar da kalma don ba ta Kano ba ce. Yakan rubuta ta ya sa alamar inda ake faɗinta: wannan ta Katsina, wannan ta Sakkwato, wannan ta Gobir, wannan ta Haɗeja. Na'am, akwai kalmomi a ciki masu ɗauke da alamar Haɗeja. Wasu dattawan ƙasar nan da ba a rubuta sunayensu a bangon littafin ba su suka ba da su, shekara casa'in ke nan.

Bayan haka aka kafa Hukumar Hausa a 1955 don ta riƙa duba ƙa'idar rubutu da sababbin kalmomi. Aka yi taron Bamako a 1966 a ƙarƙashin UNESCO kan yadda za a rubuta harsunan Afirka ta Yamma, aka sake zama a Yamai a 1980 don kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. A 2006 Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa, wanda ke fassara Hausa da Hausa. Daidaitacciyar Hausar da ta fito daga duk wannan tafiya ta fi jingina da karin harshen Kano. Wannan ya yi amfani ƙwarai, shi ya sa ɗan Maraɗi da ɗan Bauci da ɗan zangon Kumasi ke karanta littafi ɗaya. Amma shi ne kuma dalilin da ya sa a rumfar mai caji aka ce wa fira ta fita, alhali miliyoyin Hausawa da ita suke kwana suke tashi.

To yanzu a ce wani matashi a Haɗeja ko Dutse ya zauna zai gina mana wasan harhaɗa haruffa na Hausa a waya, wanda za a riƙa sabuntawa kullum. Kafin ya rubuta layi ɗaya na manhaja, tarihin nan zai tare shi da tambayoyi.

Ta farko, mene ne harafi? Sh da ts kowanne sauti ɗaya ne amma da haruffa biyu ake rubuta shi. Haka ky, gy, ƙy, kw, gw, ƙw. Kalmar tsatsa harafi shida ce ko huɗu? In wasan na masu harafi biyar ne, ƙwarya ta shiga ko ta yi tsawo? Ga kuma 'y na 'ya'ya, wanda a Nijar ake rubutawa da y mai lanƙwasa. Rabon makin Butts ma ba zai yi mana aiki ba, domin a Hausa A ce sarauniya, duba kalmar karkara ko ƙarfafa ka gani, Q da V da X kuwa ba sa cikin baƙaƙenmu sam. Sai an zauna an ƙirga haruffan Hausa daga rubutun Hausa, kamar yadda shi ya ƙirga na Turanci.

Ta biyu, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti. Fari launi ne, fari rashin ruwan sama ne, akwai ɗan fari, akwai fari da ido. Fara ƙwaro ce mai cin amfanin gona, fara aiki kuma daban. Baki da jimla suna rarrabe su, takarda ba ta rarrabewa. Bargery ya sa alamomin sauti a ƙamusunsa, amma rubutun jarida da na makaranta bai ɗauka ba. A wasa, fari maki ɗaya za a ba ta ko huɗu?

Ta uku, lanƙwasa. A nan laifin namu ne, mu matasa. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ suna cikin kwamfuta da waya, allon rubutu na Gboard yana da Hausa, saukewa kawai za ka yi. Amma mun saba da gaggawa, muna rubuta kasa mu bar mai karatu ya yi canki tsakanin ƙasar haihuwa da kasa cin jarrabawa, muna rubuta baki ba a san na magana ba ne ko baƙin launi. Abin da aka yi kusan shekara talatin ana kai-kawo kafin a samu, mu muna zubar da shi don ƙyashin danna harafi na daƙiƙa ɗaya. Kuma injunan fassara da manhajojin da ke koyon Hausa yanzu daga abin da muke rubutawa a intanet suke koya. In mun ba su gurguwar Hausa, ita za su dawo wa ƙannenmu da ita.

Ta huɗu ita ce ta fi damuna, kuma ita ce gardamar fira da hira: kalmomin wa za a zuba a ciki? In mai manhajar ya kwaso jerinsa daga labaran rediyo da rubutun Facebook kawai, zai samu gwamnati da majalisa da ta'addanci da tallafi birjik. Amma ina kalmomin fadama? Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yadda ruwa ke malala a kwarin Haɗeja ya canza. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a wajajen Guri da Kirikasamma, tsuntsayen jan baki suka samu maɓoya suna faɗa wa shinkafa, masunta da yawa suka rage fita ko suka sake sana'a. Masuncin da ya ajiye mali da gura da birgi, ɗansa da ya tafi acaba a birni ba zai riƙe sunayensu ba. Tambayi ɗan sakandare a yau ya bambanta maka tarwaɗa da ƙurungu da gargaza da ragon ruwa da gaiwa, ka ji inda zai tsaya. Mu ma nan tudu haka abin yake da sunayen irin gero da na ƙasar noma da na iskokin damina.

Shi ya sa nake ganin wasan nan ya wuce abin kashe lokaci. Yaron da ya ga gaiwa ta fito a matsayin amsar ranar Talata zai je ya tambayi kakarsa mece ce gaiwa, ta ba shi labarin kifin da ke kwana cikin busasshen taɓo har ruwa ya dawo. In kuma ya rubuta kalmar da ya ji a bakin kakarsa waya ta ce masa babu ita, to ya koyi cewa Hausar gidansu kuskure ce. Bargery baƙo ne, ya zo a zamanin mulkin mallaka da manufofin zamaninsa, amma ya yi wa kalmar Haɗeja wuri a littafinsa. Zai zama abin kunya a ce jerin da 'ya'yan Haɗeja za su haɗa da hannunsu ya fi nasa ƙunci.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya buƙatar tallafin kowa. A makon nan kowa ya samu dattijo ɗaya mai sana'a, masunci ko manomi ko maƙeri ko mai saƙar tabarma ko unguwarzoma, ya zauna da shi rabin awa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce kalmomin sana'arsa kake son koya. Ka rubuta guda goma, da lanƙwasarsu, da ma'anarsu, da jimla ɗaya yadda ya faɗe ta, da sunan garin da ka ji ta. In ya yarda ka ɗauki muryarsa, domin muryar ce za ta adana karin sautin da takarda ba ta riƙewa. Ku turo mana, za mu tattara mu riƙa karanto su a shiri, kuma duk mai son gina wasa ko ƙamus ya zo ya ɗauka kyauta. Masu karatun kwamfuta a cikinku, ga aikin kammala digiri a ƙofar gida.

Yanzu ga amsar aikinmu. Daga A, I, F, K, Ƙ, R mun samu: kifi, rafi, fari, fara, kafi, kaifi, kifa, kiri, raki, rara, raira, riƙa, fiƙa, farka, rafka, kirki, ƙarfi, faifai, kirari, faƙiri, karkara, ƙarfafa, ƙirƙira. Sai tagwayen da lanƙwasa kaɗai ta raba: kafa da ƙafa, kara da ƙara, kari da ƙari, kira da ƙira, kaka da ƙaƙa. Wanda ya rubuta Afirka ya yi ƙoƙari, amma sunan wuri ne, ba ta shiga. Fira kuwa, bayan duk abin da na karanta, na koma rumfar mai caji na ce a mayar wa mutumin Sakkwato makinsa. Kawu ya ce shi dama bai ga abin gardama ba, tun da duk wanda ke wurin ya gane abin da ake nufi.

In ka samu wadda ba ta cikin jerinmu, turo ta tare da garin da ake faɗinta. Haruffan mako mai zuwa su ne: A, U, G, N, R, Ɗ, kuma wannan karon tilas kowace kalma ta ƙunshi Ɗ. Sai mun haɗu a shiri na gaba.